Neman Uwar Baba

Ni ɗan fari ne, shi ya sa har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, ko "wannan", in kuwa ya tashi da raha sai ya ce "mutumin Kano". Shi ma ɗan fari ne. Bambancinmu, ni na tashi uwata tana tsakar gida tana zuba mini tuwo ko da ba ta dube ni ba, shi kuwa tasa uwar ta bar gidan tun yana ɗan yaye, ya girma bai san ko sunanta ba.

A gidan kakana, a Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, ba a kiranta da komai sai "Bafilatanar nan". 'Yar makiyaya ce da suke sauka a gonar kakana da rani, shanu su ci kara su bar taki. Aure ya ƙullu a haka, bai yi ƙarko ba. Kakana mutum ne mai zafin rai, ba ya son a tayar da zancen, sai yayarsa, wadda ta riƙi Baba, ita ce mai ba da labarin. In Baba ya yi mata laifi sai ta ce, "Ba laifinka ba ne. Uwar da ta haife ka ma a gaban alƙali aka tambaye ta, ta ce ba ta son ka." Da wannan maganar aka raine shi, kamar yadda ake rainon wasu da kunu.

Sau ɗaya ya ga uwar tasa. Yana da kamar shekara goma, ran kasuwar Gwarzo, gwaggon tasa ta nuna masa wata mai nono a gindin tsamiya ta ce, "Ga ta can, in kana son gani." Ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Matar ta dube shi sau ɗaya, ta ja gyale ta rufe fuska, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma bayan wasu mata. Bai ƙara ganinta ba. Wannan labarin ma ba ni ya ba wa ba, Inna ya ba wa, ni ina ɗaki ina ji.

Zamanin tsuke bakin aljihu masaƙar da nake aiki a Kano ta sallame mu. Na dawo gida da katifa da rediyo da takardar sakandare wadda ba ta sayen ko gishiri. Abokaina duk sun watse neman abinci, yarinyar da nake nema iyayenta suka ce a dakata, dakatawar da har yau ba ta ƙare ba. Na zama mutumin da ke zaune a zaure tun hantsi yana kallon akuyoyi. Ran nan Baba yana tufka igiyar rama, ya fuskanci bango, kamar yadda yake yi in zai yi mini magana mai nauyi, ya ce, "An ce 'yan boko suna iya tono abin da aka rubuta tun zamanin Turawa."

Na ce, "Wani lokaci, Baba."

Ya ce, "To akwai wanda ba shi da aikin yi a gidan nan, ga kuma keke. Abu biyu nake son sani kafin in mutu. Sunanta, da abin da ta faɗa wa alƙali."

Na fara da inda na ɗauka zai fi sauƙi, gidan limamin da ya raɗa wa Baba suna. Liman ya daɗe da rasuwa, ɗansa na tarar, shi ma gemu fari fat. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka ana rubuta suna? A raɗa a kunne, a yanka rago, a yi fatiha, kowa ya kama gabansa. Kuma ko ran suna ma sunan jariri ake faɗa, ba na mai jego ba." Na ce to ɗaurin aure fa? Ya ce shaidu su ne takardar, kuma duk suna bayan gari a kwance, in ina son tambayarsu hanya ga ta nan. Na ji haushin dariyar, amma gaskiya ya faɗa.

Daga nan na nufi gidan dagaci. Sai da na yi sawu huɗu kafin a yarda ba rigimar gona na zo tayarwa ba. Aka fito mini da wasu takardun ƙidaya na da, sun yi ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. Masu gida kaɗai ake rubuta wa suna. Na sami kakana, a gabansa an ja layi uku: maza, mata, yara. Ƙarƙashin mata an yi ɗan zane ɗaya da fensir. Na daɗe ina kallon wannan zanen, don iyakar abin da na samu na kakata ke nan. A takardar ƙidayar da ta biyo baya, gurbin mata babu komai, na yara kuwa zanensa yana nan.

Sai na bar takarda na bi mutane. Na yi ta taka keken Baba, Gwarzo zuwa Lakwaya, Lakwaya zuwa Kabo, ina tambayar inda makiyayan da suke sauka a Unguwar Tudu suka yi. Ba abin da ya kai tambayar wanda ba ka san sunansa ba wahala. "Wa kake nema?" "Wata mata." "Wace ce?" "Ban sani ba, mai nono ce." Wasu su ɗauka ma'aikacin gwamnati ne ni na zo ƙirga shanu, wasu su ɗauka taɓin hankali ne irin na waɗanda aka kora daga aiki. Ina cin rogo da ƙuli a gindin bishiya ni kaɗai, in yi salla ni kaɗai, in dawo gida Baba ya ji ƙarar keke ya ce wa bango, "Ba labari?" In ce, "Tukuna."

A wani ƙauye kusa da Gude na sami ragowar mutanenta. Sun daɗe da barin yawo, sun yi gini sun kama noma, shanun ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Manyan duk sun mutu sai wata tsohuwa da aka kawo gidan tana amarya. Da na kwatanta mata, sai ta ce ta santa, a ɗaki ɗaya ma suka yi ta kwana bayan matar ta tsufa. Na ce, "Iya, yaya sunanta?"

Ta ce, "Goggo."

Na ce, "Sunan yanka nake nufi."

Ta dube ni kamar na yi tusa a masallaci. "Wa yake tambayar sunan babba? Goggo muka taras ana cewa, Goggo muka ce har aka binne ta."

Na tambaye ta wace irin mace ce. Ta ce mai shiru ce, ba ta ƙara aure ba, dukiyarta ƙwarya da ludayi, sai wani tsohon tsumma na saƙi da take ajiyewa ƙarƙashin matashi, ba mai taɓa mata shi, su sun ɗauka magani ne. Na ce 'ya'ya fa? Ta ce, "Ba ta taɓa haihuwa ba. Mu dai haka muka sani, ba mu taɓa jin ta ambaci ɗa ba."

Ranar na tura keken da hannu kusan rabin hanya, ba don taya ta sace ba. Ina ta juya yadda zan gaya wa tsoho cewa uwarsa ta rayu ta mutu a tafiyar da ba ta kai yini ba daga ƙofar gidansa, kuma ko a ɗakin kwananta ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Da na iso ya ce, "Ba labari?" Na ce na dai ji ta rasu, an kuma nuna mini garin. Sauran na haɗiye. Ya yi mata addu'a a taƙaice, irin wadda ake yi wa maƙwabci, ya ci gaba da tufkarsa.

Bayan 'yan shekaru aka tashi ƙidayar jama'a, na samu aka ɗauke ni, aka tura ni ƙauyukan Kabo tare da wani ɗan kudu, Kirista, mutumin kirki mai yawan surutu. A hanya na ba shi labarin nemana. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce su a cocin garinsu akwai littafin baftisma, in ka buɗe za ka ga kakansa da uwar kakansa, da ranar da aka kawo shi, da wanda ya tsaya masa. Na ce masa ya yi kyau. A raina kuwa hassada ce zalla, ba zan ɓoye ba.

A wani gida muka tarar mai gidan ya yi tafiya, uwargidan ta fito zaure da lulluɓi. Na ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?" Ta ce huɗu, ta jero sunayensu. To ga wani saurayi nan zaune yana gyara fartanya, kamarsu ɗaya da ita har wushirya. Na ce, "Wannan fa?" Ta kau da kai ta ce, "Ɗan gidan ne." Na ce, "Ke kika haife shi?" Shiru. Na sake tambaya, shiru. Rana ta dake ni, ga gidaje da yawa a gabanmu, na fusata na ce, "Baiwar Allah, aikin gwamnati ne fa, in ba ki faɗa ba ba za a rubuta shi ba." Ta ce, "To a bar shi," ta shige gida. Saurayin ko ɗaga kai bai yi ba, murmushi kawai yake yi. Ni na rubuta shi da hannuna, abokin aikina yana ta faɗa wai wace irin uwa ce wannan.

Da na dawo na ba Baba labarin, ina ganin kamar na kawo masa magani. Na ce ƙila uwar tasa ma kunya ce ta hana ta. Ya yi tsaki. Ya ce, "Ni za a koya wa kunya? Kunyar tsakar gida daban, gaban alƙali daban. Rufe fuska a kasuwa ban riƙe ta da shi ba. Amma a tambaye ka ɗanka ka buɗe baki ka ce ba ka so? Ni nan da ake gani, a zo a ce za a raba ni da..." Bai ƙarasa ba. Ya jawo buta ya ce la'asar ta yi, alhali da saura.

Daga nan neman ya kwanta. Kotun da aka raba auren an daɗe da rushe ta, duk wanda na tambaya littattafanta sai ya ce a tambayi wane, wane kuma ya ce gara ta cinye. Na sami aikin koyarwa a firamare, na yi aure, na haihu. Baba yanar ido ta rufe shi, ya daina tufka, ya koma jan carbi. "Ba labari?" ta koma sau ɗaya a shekara, ran Salla, bayan kowa ya watse. Ni kuma amsar ta zame mini kamar gaisuwa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ko'ina ka zauna zancen ke nan. An sake fentin allunan kotuna, matasa a kan benci kowa ya zama malami. Ni ba abin da ya dame ni sai alli da yara saba'in a aji. Sai shugaban makarantarmu ya ce mini, a cikin hira kawai, akwai wani tsohon malami can wajen Kabo da yake jin haushin masu cewa yau aka fara Shari'a, har ya fito da littattafan ubansa yana nuna wa mutane yadda alƙalai suke hukunci a da. Ubansa muhuti ne, wato marubucin alƙali, kuma da aka rushe kotunsu shi ya kwashe littattafan ya kai gida. Na tambayi wace kotu. Ya faɗa. Na ajiye allin na zauna.

Littattafan suna cikin adakar ƙarfe, an barbaɗe su da busasshen ganyen darbejiya saboda kwari. Larabci ne gauraye da ajami, ni kuwa ajamina na makarantar allo ne, ba ya ɗaukar irin wannan hannun. Malam ne yake karantawa, ni ina riƙe masa takarda. Ba jerin sunaye, ba komai, sai dai a bi shafi shafi: rikicin iyakar gona, jakin da ya ci dawar wani, matar da ta kawo ƙarar miji. Asabar biyar na yi ina zuwa. Malam yana jin daɗin samun mai sauraro, kowace shari'a sai ya tsaya ya yi mini sharhi, ni kuwa kamar in fizge littafin. A Asabar ta biyar, bayan azahar, ya karanta sunan kakana da na ubansa da Unguwar Tudu. Na ce, "Allah gafarta Malam, a nan ne."

Ya karanta sunanta. Suna ne na kowa da kowa, a ajina kaɗai akwai yara uku masu shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, kakata ce.

Shari'ar ba ta fi layi goma ba. Mijin ya sake ta, akwai ɗa namiji tsakaninsu da aka yaye. Alƙali ya tambaye ta ko tana neman riƙon ɗanta. Ba ta yi magana ba. Ya tambaye ta na biyu, ta juya fuskarta bango. Ya tambaye ta na uku, ta rufe kanta da gyale. Aka ɗauki shirunta a kan ta bari, aka ba uba yaro.

Na ce, "Ba ta ce ba ta so ba?"

Malam ya ce, "Ba ta ce komai ba. Babana ya sha gaya mini, matan ruga ba sa amsa wannan tambayar a kan ɗan fari, ko za a yanka su. Ga iyayenta maza a zaune, ga surukai, ta ce 'ɗana'? Ai sai dai ƙasa ta tsage ta shige. Dakata, da saura."

Sauran a kan kayan da za ta fita da su ne. Ƙorai biyu, tabarma, da majanyi, ɗan ƙyallen nan da ake ɗaure goyo da shi. Mijin ya ce a bar majanyin, shi ya saya, kuma yaron yana gidansa, mai riƙonsa za ta buƙata. A nan ne kaɗai muhuti ya rubuta maganarta, da ajami, yadda ta fito daga bakinta: "Wannan kam ba na bayarwa." Alƙali ya ce a bar mata.

Tsumman da tsohuwar Gude ta gaya mini ya faɗo mini a rai. Shekara goma sha wani abu ina ɗauke da zancen, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina tsumman mene ne ba. Na kwafi layukan da boko, Malam yana ta bayani a kan hukuncin riƙon yaro, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na iso gida bayan la'asar. Baba yana zaure shi kaɗai a kan buzu. Ba ranar Salla ba ce, don haka bai tambaya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai labari." Carbin ya tsaya.

Na karanta masa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce, "Sau uku?" Na ce sau uku. "Ba ta ce ba ta so ba?" Na ce babu wannan a littafin, magana ɗaya tak aka rubuta mata, a kan majanyi. Sai na kuma fito da abin da na ɓoye masa, na gaya masa zancen tsohuwar Gude, da cewa sun ɗauka ba ta taɓa haihuwa ba, da tsumman ƙarƙashin matashi wanda ba mai taɓawa har ta mutu. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. Can ya ce, "Shekara saba'in ina jin haushin baiwar Allah. Na durƙusa a gabanta a kasuwa, ashe tana da majanyin a gida."

Na ce, "Sunan fa, Baba? In faɗa?"

Ya ce, "A'a, kada ka faɗa a fili. Matso."

Na matsa na raɗa masa a kunne, kamar yadda liman yake yi wa jariri. Leɓensa suka motsa, ba sauti. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a doguwa, har na gaji da durƙuso na zauna.

Da ya shafa sai ya laluba ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro. Ya juyo da fuskarsa gare ni, ba bango ba. Ya buɗe baki, na ga yana kokawa da wani abu, na kuma san ko mene ne. Na so ya faɗa. Wallahi na so, ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku, na zauna ina jira kamar ƙaramin yaro. Ya ƙara matse hannun nawa har ya yi mini zafi.

Ya ce, "Kai wannan, ka ci abinci kuwa?"

Tun kokon safe ban sa komai a bakina ba. Na ce, "Na ci, Baba."